Tazarar Yatsu Uku

Tambuwal,
3 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga taubashiyata Malama Zulaihat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggo Ummu da duk mutanen gidan Kebbe. Mu nan lafiya lau. Mai ɗakina Khairiyya ce ta yi fama da zazzaɓi kwana uku, amma ta miƙe, har ta koma yi mini faɗa a kan zaman da nake yi gaban kwamfuta. Ruwa ya zauna, gero ya yi kyau.

Na yi ta neman wayarki ba ta shiga. Shafi'u direba ya ce tun da iska ta karya ƙarfen sabis na wajenku ba a gyara ba. To shi ke nan, ga takarda, ga ambulan, ga Shafi'u.

Kin san shekara guda ke nan ina kan kundin magungunan shanu da kakanmu Malam Atu ya bari. Na gama kwafe shi kaf, babi bakwai. Ke kika sa na bar manhajar da nake buga katin biki da ita a shago, wai in koyi LaTeX ɗinku ta 'yan lissafi, wadda ba a jan komai da hannu, sai dai a rubuta mata umarni ta bi. Na koya, na sha wuya, kuma ban yafe miki ba. Har na ƙirƙiri nawa umarnin, na raɗa masa suna \tagwaye. In na kira shi, sai ya ɗora layin ajamin Malam a sama, ya sa na boko a ƙarƙashinsa.

Ga inda abin ya lalace. Bayan kowace tagwaye sai wani giɓi ya buɗe, kuma ba iri ɗaya ba. A shafi na huɗu bai fi yatsa ba. A na tara ya kai rabin tafin hannunki. A na sha biyu kuwa magani uku ne kacal, sauran duk farar takarda. Na gwada ba ta umarnin ta rage tazara, sai wasulan ajami suka hau kan boko, ba mai iya karanta ko ɗaya. Na mayar. Ga bugun gwaji na babi uku na farko, da kwafin umarnin nawa. Ki duba, ki yi dariyarki ki ƙoshi, sannan ki gaya mini inda na kauce.

Sai maganar da ta fi wannan ci mini rai. Malam ya rubuta sunan cuta da sunan itace, amma bai rubuta awo ba. Nawa za a jiƙa, kwana nawa, a ba saniya sau nawa, duk babu. 'Yarsa Goggo ce ta yi masa daka shekara da shekaru, ita kaɗai ta rage da ta sani. Sau uku ina zuwa da waya in ɗauki muryarta, tana ce mini ta manta. Ni da ke mun san ba ta manta ba. Ga shekaru, ga idonta yana raguwa. In babu awo, littafin nan ado ne kawai, wanda ya bi shi ma yana iya kashe dabbarsa. Tunda gida ɗaya kuke, ki lallaɓa ta.

A gaida kowa da kowa.

Yayanki, ko kin ƙi ko kin so,
Maccido.

*

Kebbe,
9 ga Yuli, 2024.

Yaya Maccido,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya. Allah ya ƙara wa Khairiyya sauƙi, ya kuma ƙara mata ƙarfin yi maka faɗa. Mu ma lafiya. Goggo sai ciwon gwiwa da ta saba, ni kuma sai tulin takardun jarrabawar ɗalibai.

Ka ce in yi dariya, na yi, har sai da Goggo ta leƙo ta ga ko lafiya. Manhaja ba ta da laifi, abin da ka ce ta yi shi ta yi. Kuskurenka biyu ne.

Na farko, dubi cikin \tagwaye, bayan layin boko. Ka bar layi guda babu komai a kansa, na san don abin ya yi maka kyau a ido ne. Ita kuwa duk inda ta ga layi wayam, sai ta ɗauka sabon sakin layi aka fara, ta saka tazarar sakin layi. Ka goge shi. In lallai kana son ganin sarari a wurin, sa alamar kaso a farkon layin, ba za ta kula shi ba.

Na biyu shi ne babba. Ka ɗaure kowace tagwaye a akwatin da ba ya rabuwa, sannan ka bar umarnin da ke cewa dole kowane shafi ya cika har ƙasa. In akwati bai sami shiga ba, sai ta tura shi shafi na gaba, ta ja tazarar da ke tsakanin sauran kamar roba har su taɓo ƙasa. Shi ya sa wani shafin giɓin kaɗan ne, wani kuma har a yi shuka. Ka ce mata ta bar ƙasan shafi ya tsaya inda ya tsaya. Na rubuta maka umarnin a bayan takardar nan, ka kwafa daidai, ban da ƙarin basira.

Maganar Goggo kuwa, na gwada. Na bari sai da ta sha furarta ta hantsi, na kawo zancen a hankali. Ta dube ni ta ce, "Mi kuka so in ce? Malam ya rubuta abin da yar rubuta. Ni ɗiya ta, ba ni ƙari bisa maganatai." Daga nan ta koma zancen kajinta. Raina bai yi daɗi ba, amma ban matsa ba. Abu ɗaya dai, ta ce in bar mata bugun gwajin ta ga yadda inji ya kwaikwayi hannun Malam. Na bar mata, tunda na gama da shi.

Taubashiyarka kuma malamarka,
Zulaihat.

*

Kebbe,
13 ga Yuli, 2024.

Yaya Maccido,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, Shafi'u na jira a bakin hanya.

Kada ka gyara komai. Duk abin da na rubuta maka ranar tara ga wata, ka ajiye shi gefe.

Kwana uku ina neman jan birona na makin jarrabawa. Yau da safe na same shi. Goggo ce zaune a ƙofar ɗakinta inda haske ya fi, ta ɗora bugun gwajinka a kan faifai, hancinta kusan yana taɓa takarda, tana rubutu. Yaya, ajami take zubawa a cikin giɓin nan naka! A ƙarƙashin maganin kirci ta sa yawan ɓawon da za a jiƙa da kwanakin da zai yi. A ƙarƙashin na sammore layi biyar ta yi, har da lokacin da ba a ba saniya mai ciki. Na tsaya kamar an dasa ni.

Na ce, Goggo, ba kin ce kin manta ba? Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Makarantar Malam, in ya ba ɗalibi littafi mai fili tsakanin layi da layi, ya ce mai ke nan, zamna ka sa naka. In kau layi ya matse, wanga an gama shi, ba a taɓa shi. Ni ba a taɓa ba ni mai fili ba, maza anka ba. Ina daka, ina ganin su suna rubutu. Yau ga shi Maccido ya bar min wuri. Yaron ga ya san ladabi."

Ka ji fa. Ta ɗauka da gangan ka yi, ni kuma na bar ta a haka. Na shiga ɗaki na yi kukana na farin ciki, na fito.

Matsala ɗaya ce. Inda giɓin ya yi faɗi nan take rubutu. Shafi na huɗu ta tsallake shi ɗungum. Da na tambaya sai ta ce, "Inda yab bar kaɗan, na ce ya san wanga." A shafi na tara kuwa ta aza yatsunta uku a kan giɓin ta ce, "Wanga shi ad daidai."

Don Allah ka bugo sauran babi huɗun nan yadda suke, da kuskurensu da komai, ka aiko da gaggawa. Ta kusa cinye waɗanda ke hannunta.

Taka,
Zulaihat.

*

Tambuwal,
22 ga Yuli, 2024.

Malama Zulai,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gwiwar Goggo ta yi sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, Khairiyya na gaishe ku. Tun wasiƙarki ta tara ga wata ban ƙara jin ɗuriyarki ba. Na ji motar Shafi'u ta lalace tana wajen bakanike, shi ya sa na ba Na'iya mai sayen awaki wannan, tunda gobe zai shigo wajenku.

Albishirinki! Na goge layin nan wayam, na sake wa ƙasan shafi mara yadda kika ce. Da na danna na ga abin da ya fito, sai da na tashi na zaga shago. Layuka sun jeru ras kamar kunyoyin gero, babu inda wani ya fi wani. Littafin da ya kai shafi casa'in da shida ya dawo sittin da ɗaya. Na kira maƙwabcina tela ya gani, bai fahimci komai ba amma ya ce ma sha Allah.

Tsohon fayil ɗin na goge shi, kada wata rana 'ya'yana su gani su raina ni. Ga babi na huɗu zuwa na bakwai a sabon tsari. Ki kai wa Goggo ta ga aiki, wataƙila in ta ga littafin mahaifinta ya yi kyau haka zuciyarta ta yi laushi ta faɗi awon. Wancan bugun mai ramuka kuwa, ki ba mai ƙosai ta naɗe kayanta.

Ɗalibinki da ya kusa fin malamarsa,
Maccido.

*

Kebbe,
25 ga Yuli, 2024.

Yaya Maccido,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, a jiki dai.

Ban san ko ka karanta wasiƙata ta sha uku ga wata ka ga shirme ce ba, ko kuwa son a ce ka iya ne ya hana ka ji. Na roƙe ka kada ka gyara. Kwana goma Goggo tana tambayata ko saƙon Tambuwal ya iso. Da Na'iya ya yi sallama ina makaranta, ita ta karɓa, ita ta buɗe.

Na dawo na same ta da takardun a cinya. Ta juya shafi, ta juya wani, tana laluben inda za ta sa ko ɗigo. Sannan ta ce, "Zulai, gaya min gaskiya. Wancan filin na farko, kure na?" Yaya, ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce kuskuren inji ne, kuma ni na koya maka yadda za ka rufe shi. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe kutse niy yi. Ba kowa yak kira ni ba." Ta miƙo mini jan birona. Na ce ta riƙe, ta ce a'a, 'yan makaranta na jiran maki.

Tun ranar ba ta ƙara zancen ba. Tana cin abincinta, tana raha da kowa, amma ta daina zama a ƙofar ɗaki da safe. Ni ma ina da nawa laifin, na sani, kuma abin yana damuna ƙwarai. Babi uku kawai muka samu, su ma rabi da rabi.

Bugun da ka ce a ba mai ƙosai yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun shaidar karatuna. Na auna giɓin shafi na tara da ta ce ya yi mata daidai, santimita huɗu da rabi ne. Ban san ko zai yi maka amfani ba.

Zulaihat.

*

Tambuwal,
30 ga Yuli, 2024.

Ƙanwata Zulaihat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da babbar murya, ko da yake ban san da wane ido zan dube ta ba. Mu lafiya.

Wallahi ban ga wasiƙar ba. Da na karanta taki ta ƙarshe, ko shago ban rufe ba na nufi garejin da motar Shafi'u take. Wasiƙar tana nan a aljihun mota, tare da goro da ya bushe. Mako biyu tana kwance a nan cikin Tambuwal, tsakaninta da shagona bai fi a kira mutum ya ji ba. A tsaye na karanta ta, bakanike yana tambayata ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, ni ne dai na rufe wa goggona ƙofa ina murna.

Abin da na fara yi zai ba ki dariya, kuma kina da izini. Na zauna in maido da kuskuren. Kwana biyu ina ƙoƙarin ɓata abin da na gyara, ya ƙi ɓaci yadda yake a da. Khairiyya ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ke roƙon Allah aikinsa ya lalace ba sai ni. A rana ta uku na ce, kai Maccido, ba kuskure ake nema ba, wuri ake nema. Sai na buɗe \tagwaye na rubuta a ciki da hannuna: bayan layin boko, a bar santimita huɗu da rabi, ba ja ba ragi.

Nan ma manhajar ta so ta yi mini wayo. Duk maganin da ya faɗo daidai inda shafi ya ƙare, sai ta haɗiye filinsa, wai ba a buƙatar sarari a mararrabar shafi. Magani tara suka rasa nasu. Wannan karon ban jira ki ba. Na bincika, na gano in aka sa wa umarnin tazara alamar tauraro, ba ta isa ta taɓa shi ba ko a ina ya faɗo. Na bi littafin da rula, shafi bayan shafi. Duka sun cika awo.

Na ƙara abu ɗaya. A saman kowane fili, da ƙananan baƙaƙen ajami, na sa: wurin Ummu ɗiyar Malam Atu. Sau ɗari da goma sha huɗu ya fito, adadin magungunan. Ga littafin nan duka, babi bakwai, da sababbin jajayen biro guda biyu don a bar miki naki.

Ki durƙusa a madadina ki ce mata, na farko kuskure ne, ba zan ɓoye ba. Wannan kuwa ni na auna, ni na rubuta sunanta, ni nake kiran ta. In ta karɓa zan zo da ƙafata. In ba ta karɓa ba ma zan zo, sai dai zan fi jin tsoro.

Yayanki,
Maccido.

*

Kebbe,
24 ga Agusta, 2024.

Yaya Maccido,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya kai da Khairiyya da yara. Mu nan lafiya sumul, gwiwar Goggo ma ta lafa. Na san shirun nan ya hana ka sakat. Da gangan na yi, na ce sai na ga ƙarshen abin, kuma kai ma ka ɗanɗana jira.

Na janye maganar da na yi maka ta son a ce ka iya. Rabinta dai.

Ranar da saƙon ya iso na durƙusa na faɗi abin da ka ce, ban rage ba. Ta ɗauki shafin farko ta fita da shi tsakar gida, ta kai shi dab da idonta. Na ga bakinta yana motsi, tana haɗa baƙaƙen sunanta. Ta buɗe na biyu, ta ga shi. Ta tsallaka can tsakiya, ta ga shi. Sai ta aza yatsunta uku a kan filin, suka zauna cif. Ta ce, "Uhm. Ya koyi awo." Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, na sa mata biro.

Mako uku ke nan kullum da safe tana ƙofar ɗaki. In idon ya gaji sai ta rufe shi ta huta, ta ci gaba. Har shafi na huɗu da ta tsallake a da ta cike. Matan maƙwabta sun mai da wurin dandali, wai sun zo ganin Goggo na jarrabawa. Jiya ta sa hannu a na ɗari da sha huɗu. Babu fili ko ɗaya da ya rage fari.

Amma bari ka ji ta babi na shida. Ina shara na ji tana dariya ita kaɗai, har da tari. Na zo na duba. A ƙarƙashin maganin kumburin ciki ta rubuta, ɓaro-ɓaro: nan Malam ya yi kure. Ta ce saiwar da ya ambata ba a haɗa ta da kanwa, shi kuwa ya haɗa. Haka suka rasa wata jar saniya a Fakku lokacin Goggo tana budurwa, ita ta daka maganin, kuma tun a turmi ta san ba daidai ba ne. Ta ce, "Shekara hamsin da fuɗu nika riƙe da maganar ga. Ƙaƙa ɗiya za ta buɗa baki ta ce ubanta bai yi daidai ba, har ku ɗauka ga waya duniya ta ji? Amma tsakanin layi, nan ɗalibi na da iko. Malam da kainai yak koya musu hakanan." Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi, ni dai ban san ko na dariya ba ne. Ashe abin da ya rufe mata baki ke nan duk shekarun nan.

Na ce mata yanzu sai Yaya ya buga nata a ƙarƙashin na Malam, a rufe giɓin, littafi ya kammala. Sai ta riƙe mini hannu. Ta sa na ɗauko takarda, ta ce in rubuta maka yadda ta faɗa, kada in gyara mata:

"A ce ma Maccido na yafe, kuma Allah shi yi mai albarka. In ya buga nawa, shi bar yatsu uku ƙarƙashinai, kowane magani. Malam ya yi kure, ni kau ɗiyatai ta, mi za ya hana ni yi? Wadda za ta gyara min tana nan zakuwa. Kar ta iske an rufe."

To ka ji. Takardun ba zan ba kowane direba su ba, sai hannunka. Ka taho ranar Juma'a, ta ce a dama maka fura.

Taubashiyarka,
Zulaihat.